Tsirran Ruwa na Kewayen Rido da Matsayinsu Wajen Koyar da Ilmin Halittu

1.0 Gabatarwa

Rido gari ne da ke kudu da kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, daura da matatar man fetur da aka buɗe a shekarar 1980. Asalin mazauna wannan yanki Gbagyi ne, amma Hausa ita ce harshen kasuwa da na cuɗanya tsakanin al'ummomin da suka taru a wurin. Rafin Romi ya ratsa yankin kafin ya faɗa kogin Kaduna, kuma ban da shi akwai fadamu da kududdufai waɗanda ruwan damina ke cikawa tun daga tsakiyar shekara har kaka ta wuce. A cikin waɗannan ruwaye, da ire-irensu a ko'ina cikin ƙasar Hausa, akwai tsirran da yaro ke wucewa kullum a hanyarsa ta zuwa makaranta, sa'an nan ya shiga aji a karanta masa sunan wani tsiron Turai wanda bai taɓa gani ba. Wannan maƙala za ta dubi sunayen da Hausa ta ba waɗannan tsirrai, da abin da kowane ɗayansu zai iya koyarwa, da kuma wuraren da sunan Hausa ke taimakon malami ko yake rikita shi.

2.0 Yadda Hausa ta raɗa musu suna

Wanda ya fara tattara sunayen tsirrai na Hausa a tsare shi ne J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka, a wani ɗan littafi da ya fito a 1916. Daga baya ya faɗaɗa aikin a babban littafinsa na 1937 kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ƙamusun Bargery na 1934 ya ɗauki da yawa daga cikin waɗannan sunaye, kuma a 1980 Z. O. Gbile na Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan ya sake fito da wani jeri. Idan aka ware sunayen tsirran ruwa daga cikin waɗannan ayyuka, za a ga sun kasu kashi biyu.

Kashi na farko sunaye ne tilo waɗanda ba a iya feɗe su zuwa wasu kalmomi, kamar kainuwa da bado da shalla da burugu da kajiji da jema. Suna irin wannan alama ce ta daɗewar sanayya tsakanin mutane da tsiron, kuma lalle kowane ɗayansu yana da aikin da yake yi wa jama'a. Ana cin saiwar bado da 'ya'yansa, burugu abincin shanu da dawaki ne a bakin manyan koguna, kajiji yana shiga turaren wuta na mata, jema kuwa ana saƙa da ita. Kashi na biyu sunaye ne harɗaɗɗu, inda ake ɗauko sunan wani tsiron tudu da aka sani a jingina shi ga ruwa ko ga dabbar ruwa, alal misali duman rafi, wanda kuma ake kira duman kada, da gyaɗar ruwa. A nan Bahaushe kamance ya duba. Duman rafi yana yaɗo kamar duma, shi ya sa ya ci sunan, alhali a wajen masana tsirrai ɗan'uwan dankali ne, ba shi da wata dangantaka ta kusa da duman da ake fafe ƙwarya.

Bayan waɗannan akwai tsirran da harshen bai kula ya ba su suna na kansu ba. Duk abin da ke nutse ƙarƙashin ruwa ba ya leƙowa, galibi ciyawar ruwa ake ce masa, ko kuma a haɗa shi da koren yauƙin da ke saman kududdufi a kira su duka gansakuka. Dalili a fili yake: ba a ci, ba a saƙa, dabba ba ta kiwonsa, sai dai ya sarƙe komar masunci. Abin lura shi ne, waɗannan marasa suna su ne suka fi kowane amfani a ɗakin gwaje-gwaje, kamar yadda za a gani nan gaba.

3.0 Kainuwa

Hausawa na yi wa wannan tsiro kirari da kainuwa dashen Allah, kuma sukan jefa kirarin ga mutumin da ya tashi ya bunƙasa ba tare da wani ya tsaya masa ba. Wanda ya fara yin wannan kirari ya lura da abu biyu na gaskiya: ba wanda ke shuka kainuwa, kuma saiwarta ba ta taɓa ƙasa, reto kawai take yi cikin ruwa. Malamin da ya san aikinsa daga nan zai fara, domin kirarin da kansa yana jawo tambayoyin da darasin ke bukata. Me ke hana ta nutsewa? Daga ina take samun abinci tun da ba ta kafu a ƙasa ba? Yaya aka yi kududdufin da aka gani da ƙwaya uku ko huɗu a watan Yuli ya rufe ruf kafin Satumba?

Amsoshin duka suna jikin tsiron, kuma ɗalibi zai iya gano su da hannunsa. Idan aka tsaga gindin ganyen da reza za a tarar da shi kamar soso, cike da ramukan iska. Idan aka ɗiga ruwa a kan ganyen, ɗigon zai dunƙule ya gangare ba tare da ya jiƙa shi ba, saboda lallausan gashin da ya rufe shi yana riƙe iska; ko an danna tsiron cikin bokiti, da an saki zai taso a bushe. Saiwar kuwa tana da rassa sirara masu yawa kamar gashin tsuntsu, waɗanda ke tsotsar gishirin da ya narke cikin ruwa kai tsaye. Game da yaɗuwa, uwar takan miƙa wani ɗan siririn hannu a gefe, sabon tsiro ya fito a ƙarshensa, shi ma ya miƙa nasa. Wannan shi ne haihuwa ba ta hanyar iri ba, wadda littattafan makaranta suka saba kawo misalinta da wasu 'ya'yan itatuwan ƙasashen sanyi. Da kwano ɗaya da kainuwa biyar, aji zai iya ƙirga ƙaruwarsu kowace Litinin har tsawon zango guda, ya zana jadawali, ya kuma ga lokacin da ƙaruwar ke tsayawa idan wuri ya cika.

Akwai wani abu kuma da ke ba ɗalibai mamaki. Kainuwa tana fure, amma ƙarami ne ainun, yana ɓoye a tsakiyar ganyaye, lulluɓe cikin wani ɗan mayafi mai gashi. Siffar wannan fure ita ta sa masana suka sanya kainuwa, wadda Linnaeus ya raɗa wa Pistia stratiotes a 1753, cikin gida ɗaya da gwaza. Babu Bahaushen da zai haɗa gwaza da kainuwa, domin shi amfani da mazauni yake dubawa, su kuwa masana fure suke dubawa. Ba a samun misalin da ya fi wannan sauƙi wajen nuna wa ɗalibi cewa hanyoyin rarraba halittu iri-iri ne, kuma kowace tana da ma'auninta.

4.0 Bado

Bado, watau Nymphaea lotus, saiwarsa tana kafe cikin laka, ganyensa na shimfiɗe a kan ruwa, furensa fari yana buɗewa da dare ya rufe da hantsi. Tarihinsa a matsayin abinci ya daɗe. Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana yadda mutanen Masar ke shanya 'ya'yansa su daka su yi gurasa, su kuma ci saiwar. A ƙasar Hausa da Barno ma haka abin yake, musamman a shekarun da hatsi ya yi wuya, inda mata da yara ke shiga tabki su tono shi.

Tsirran tudu galibi ƙofofin numfashinsu sun fi yawa a ƙarƙashin ganye. Bado ya juya wannan tsari, ƙofofinsa suna sama, domin ƙasan ganyen manne yake da ruwa. Saiwar da ke binne cikin laka kuwa tana bukatar iska, kuma laka ba ta da ita. Hanyar da iskar ke bi ita ce dogon karan ganyen. In aka yanke shi aka duba bakin yankan, za a ga ramuka a jere da ido ƙuru-ƙuru, ba sai da madubin ƙara girma ba. In aka wanke karan sarai, aka tsoma kai ɗaya cikin kofin ruwa aka tura iska ta ɗaya kan da famfon keke, kumfa zai riƙa fitowa. 

5.0 Tsiron littafi da tsiron rafi

Gwajin da kusan kowane ɗalibin sakandare ya haddace shi ne wanda ke nuna cewa koren tsiro yana fitar da iskar oksijin idan rana ta haske shi. Asalinsa yana komawa ga Jan Ingenhousz, likita ɗan ƙasar Holan, wanda ya nuna a 1779 cewa ganyen da aka nutsar cikin ruwa yana fitar da kumfa a cikin hasken rana, ya daina a cikin duhu. Littattafan da aka rubuta a Ingila sun saba yin wannan gwaji da wani tsiro mai suna Elodea, ɗan asalin Amurka ta Arewa, wanda ya shiga ruwayen Birtaniya a ƙarni na 19 ya cika su. A can kowane malami zai iya ɗebo shi a bayan makaranta. Da littattafan suka ƙetaro Afirka ta Yamma, sunan ya biyo su, tsiron kuwa bai biyo ba. Sakamakon haka shi ne ɗalibai da dama sun san gwajin a matsayin zane kawai: kwalba da mazurari da ɗigo-ɗigon kumfa, da wani suna da ake rubutawa a jarrabawa.

Alhali kuwa abin da gwajin ke bukata shi ne kowane tsiro da ke rayuwa a nutse. Akwai Ceratophyllum, wanda ake samu a tabkuna da madatsun ruwa na Arewacin Nijeriya. Ba shi da saiwa ko kaɗan, ganyensa sirara ne masu rassa biyu-biyu, suna kewaye kara kamar wutsiyar kyanwa, kuma ko barbararsa a ƙarƙashin ruwa take aukuwa. Idan aka yanko reshe ɗaya aka kifa shi cikin kwalbar ruwa, yankan yana sama, aka ajiye a rana, kumfa zai soma fita ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi ya ƙirga adadin da ke fita a minti guda, a mai da kwalbar inuwa ya sake ƙirgawa, sa'an nan a hura numfashi cikin ruwan ta bututu don ƙara masa iskar kabon a sake ƙirgawa. Kayan aikin duka bai wuce kwalba da reza da agogo ba.

Gansakukar kududdufi ma tana da nata tarihin a kimiyya. Wadda ke da santsi a hannu kamar gashi, yawanci Spirogyra ce, kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganin koren zare ya nannaɗe cikin kowace ƙwayar halitta kamar igiyar da aka murɗa. Da irin waɗannan zarurruka ne T. W. Engelmann, Bajamushe, ya nuna a farkon shekarun 1880 cewa jan haske da shuɗi sun fi kore amfani ga tsiro wajen haɗa abincinsa. A nan ne kuma kalmar Hausa ke iya yin tuntuɓe. Gansakuka ɗaya ce a baki, amma ta ƙunshi wannan yauƙi na ruwa, da koren da ke fitowa jikin katanga da damina, waɗanda a wajen masana ƙungiyoyi ne daban-daban masu nisa da juna. Malamin da ya fassara darasi da kalmar kawai, ba tare da ya kawo samfurin kowanne ya ajiye a gaban aji ba, ya haɗe abin da darasin ke son rabawa.

Wasu biyu sun cancanci a ambace su a taƙaice. Utricularia tsiro ne mai iyo a nutse wanda ke da 'yan jakunkuna a jikin ganyensa, da su yake zuƙe ƙananan halittun ruwa ya narkar, watau tsiro mai farauta. Azolla kuwa ɗan ƙaramin tsiro ne da ke rufe fuskar ruwa, wani lokaci ya yi ja, kuma a cikin ganyensa akwai wata halitta da ke kamo iskar naitirojin ta mai da ita taki. Manoman shinkafa na Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna renonsa a gonakinsu saboda wannan.

6.0 Baƙuwar kainuwa da kacala

A shekarar 1984 wani tsiro ɗan asalin Amurka ta Kudu ya bayyana a ruwayen Badagry, ya shigo daga Jamhuriyar Benin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 ya biyo kogin Kwara ya isa tabkin Kainji. Furensa shuɗi-shuɗi ne mai kyan gani, kuma saboda wannan kyau ne aka yi ta ɗaukarsa daga ƙasa zuwa ƙasa. Gindin ganyensa kumburarre ne kamar ƙaramar gora. Inda ruwa ke da ɗumi da taki, yakan ninka yawansa cikin mako biyu, ya toshe hanyar kwalekwale, ya hana haske shiga ruwa, kifi ya rasa iska. Masana sun daɗe suna kiransa Eichhornia crassipes, sa'an nan a 2018 aka mai da shi cikin Pontederia, wanda ke nuna cewa sunayen Latin ɗin ma ba dauwamammu ba ne. Hausa ba ta ƙirƙiro masa sabon suna ba, ta miƙa masa na kainuwa, tun da shi ma yana iyo kuma ba mai shuka shi. Ta fuskar harshe wannan faɗaɗa ma'ana ce da aka saba gani. A cikin aji kuwa matsala ce, domin tsirran biyu ba gida ɗaya suke ba, kuma ɓarnarsu ba ɗaya ba ce. Zai kyautu marubutan littattafan makaranta su riƙa bambanta su da siffa, su ce kainuwa mai gora ga baƙuwar, su bar wa ta gida sunanta.

Labarin kacala ya sha bamban, domin ita 'yar gida ce wadda sauyin ruwa ya mai da ita annoba. Ita ce tsoffin ƙamusoshi suka rubuta da sunan shalla, mai dogon ganye da kai kamar zangarniyar gero. Tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da, kogin Haɗeja yakan janye da rani, kacala ta bushe. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana duk shekara, sai kacala ta mamaye hanyoyin ruwa da gonaki a fadamun Haɗeja da Nguru, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Babu wani babi na littafi kan dangantakar halittu da mazauninsu da ya kai wannan labari bayani, kuma ya faru ne a ƙasar da ɗaliban suka san sunayen garuruwanta.

A Rido kanta darasin yana bakin ƙofa. Masu bincike daga jami'o'in Kaduna da Zariya sun sha auna ruwan rafin Romi saboda ruwan datti da matatar mai ta riƙa zubarwa cikinsa a shekarun da take aiki sosai, kuma wasunsu sun gwada kainuwa ta gida da baƙuwar don ganin yadda saiwarsu ke tsotse ƙarafa masu guba daga ruwan. Tsiron da ya tsotsi guba kuwa ya zama ma'ajiyarta, don haka bai dace a ba dabba shi ko a zuba shi a gona ba.

7.0 Lokaci da kariya

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, kuma a shekarun 1980 an yi aikin tattara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin manyan harsunan Nijeriya, har da Hausa. Irin wannan aiki ya fi mai da hankali ga ƙirƙirar kalma a kan tebur. Tsirran ruwa suna nuna cewa wani ɓangaren aikin yana wajen masunta da makiyaya da mata masu haɗa turare, waɗanda suka riga suka mallaki kalmomin, kuma a wuri kamar Rido ɗaliban aji ɗaya za su iya kawo sunan tsiro guda da Hausa da Gbagyi da Fulatanci.

Sai dai tsirran ba sa jiran jadawalin makaranta. Kududdufai suna cika ne daga Agusta zuwa Oktoba, watau daidai zangon farko, kuma yawancinsu sun ƙafe kafin Maris, alhali jarrabawar gwaji ta kammala sakandare tana zuwa ne wajen Mayu da Yuni. Makarantar da ke son samfuri duk shekara sai ta yi renonsa da kanta, a rabin ganga ko babbar randa da aka zuba wa 'yar laka a gindi aka ajiye inda rana ke taɓawa da safe.

Wajen ɗebowa kuma akwai haɗari na gaske. Ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya suna maƙalewa a ƙarƙashin ganyen bado da cikin rassan Ceratophyllum, kuma ƙwayar tana huda fatar wanda ya shiga ruwan ne, ba sai ya sha ba. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan arewacin Senegal, wanda mujallar Nature ta buga a 2023, ya nuna cewa kwashe wannan ciyawa daga mashigar ruwa ya rage kamuwar yara da wani nau'in cutar. Haka nan tsutsar sauron Mansonia tana soka bututun numfashinta cikin saiwar kainuwa ta sha iska daga nan, ba ta bukatar tasowa sama. Saboda haka ba a tura ɗalibai cikin ruwa. Malami ne zai ɗebo da doguwar sanda mai ƙugiya da safar hannu ta roba, ya tsince dodon-koɗin sarai, ya ɗauraye tsiron, ya bar shi cikin ruwan rijiya ko na famfo har kwana biyu kafin ya kai aji, domin ƙwayar tsargiya da ta rabu da dodon-koɗi ba ta wuce wannan tsawon lokaci a raye. Gangar reno kuwa a rufe ta da yankin gidan sauro, ko a saka mata 'yan ƙananan kifaye su riƙa cinye tsutsar.